Famfo na Huɗu a Mashayar Kuni

Sunana Ottmar. Shekara ashirin da shida na yi ina jan motar gidan Lamprecht kafin wannan abin ya faru. Su Lamprecht masu dafa giya ne a ƙauyenmu Kaltengrund tun kaka da kakanni. Tsohon ne ya ɗauke ni aiki, da ya rasu 'yarsa Gundula ta gaji tukwanen, ta haɗa da ni. Mu huɗu ne kacal a gidan: ita, da mutum biyu masu taya ta dahuwa da cika kwalabe, sai ni da mota.

Mutane suna ɗauka dahuwar ce aikin. Ni da nake dakonta na san dahuwa ita ce mai sauƙin, wuyar tana wajen kai ta bakin mai sha. Manyan kamfanoni ba sa tsayawa yi wa mai mashaya talla. Sai su kawo masa firji da kujeru da manyan laimomi na tsakar gida, wani lokaci har su gyara masa rufi, shi kuma ya sa hannu a takarda cewa shekara goma babu abin da zai fito daga famfunansa sai tasu. Mutum ya sha giyarmu tun yana saurayi, yana sonta, amma idan na tsaya a ƙofarsa sai ya nuna mini laimomin ya ɗaga kafaɗa.

Akwai shekarar da Gundula ta gwada ba wani babban ɗan sari a Bamberg kaya ya raba mata. Ya ce giyar ta cika ɗaci ga mutanen birni, ta rage ɗacin. Ya ce shi ba ya karɓar kiret goma ko ashirin, sai cikin mota guda, ta cika masa. Wata uku bayan haka na je kwaso kwalaben da aka shanye, na tarar da kayanmu jibge a bayan sito, rana tana dukansu, na manyan kamfanoni kuwa suna ciki a inuwa. Kiret ɗinmu da suka fita ma rabinsu ba su dawo ba, sun bi duniya, har muka rasa kwalaben zuba sabuwar dahuwa. Daga ranar Gundula ta ce giyarta ba za ta ƙara zuwa inda motarmu ba ta kaiwa ba. Muka koma yadda muka saba: Talata in yi hanyar kogi, Juma'a in yi hanyar tsauni, mashaya goma sha bakwai da kantuna shida.

Kilomita huɗu daga wurinmu, a Oberlau, akwai Veit Angermann. Shi ma dafa giya ya gada, tasa baƙa ce mai kauri, tamu kuwa fara ce. Gidajen biyu ba sa ga-maciji tun zamanin iyaye, a kan wanda zai zuba giya a bikin cocin wata shekara da ko ni ban san ta ba. Veit ya san Gundula tun tana yarinya, amma idan suka haɗu a jana'iza sai ka ji "Frau Lamprecht" da "Herr Angermann," kamar ranar aka fara gabatar da su.

A ƙarshen hunturun wata shekara direban Veit ya ajiye aiki ya koma wurin 'yarsa a Nürnberg. Veit ya nemi wani ya rasa. Wa zai yarda yau ya riƙa sauke ganga mai nauyin kilo sittin ta matakalar ƙarƙashin ƙasa? Sai ya hau motar da kansa, yana da shekara sittin da uku.

Wata Talata na iso wata mashaya a hanyar kogi na ga motarsa a tsaye, ƙofa a buɗe. Na leƙa matakalar ɗakin ajiya, sai ga Veit a tsakiya, ganga ta tokare shi da bango, ya kasa yin sama ya kasa yin ƙasa. Bayansa ne ya riƙe. Fuskarsa ta yi ja, amma da ya gan ni sai ya ce hutawa yake yi. Na ce to ya huta da kyau, na karɓi gangar na sauke, na dawo na sauke sauran biyun da ke motarsa. Bai yi mini godiya ba. Ya dai tsaya yana kallon cikin motata, wadda ko rabi ba ta cika ba, ni ma na kalli tasa, ita ma haka. Hanya ɗaya muke bi, rana ɗaya, muna ƙona mai a jere kamar masu rakiyar amarya.

Da na koma na faɗa wa Gundula abin da na gani da abin da ya zo mini a rai, wato a haɗa kayan gidajen biyu a mota ɗaya. Ta ce gara ta ɗauki gangunanta a ka. Bayan kwana tara, ina wankin mota, ta zo ta tsaya a bayana ta tambaye ni ko gangar Angermann nawa za ta iya shiga ba tare da an matsa wa tata ba.

A shagon mai burodi da ke tsakanin ƙauyukan biyu suka zauna, don babu wanda ya yarda ya taka gidan wani. Ni ina teburin gefe da kofina. Maganar mai da gyaran mota ba ta ɗauki minti goma ba. Abin da ya cinye musu awa biyu shi ne sunan da za a rubuta a jikin motar. A ƙarshe aka ce Lamprecht a hagu, Angermann a dama, baya kuma a bar shi fari. Veit ya so ya ja magana cewa dama ita ce gefen da masu tafiya a ƙasa suke gani, sai ya tuna nasa ne daman ya yi shiru. Sharaɗi na ƙarshe Gundula ce ta kawo shi, tana nuna ni da cokali.

"Ottmar direba ne, ba ɗan talla ba. Ya sauke abin da aka ce ya sauke. Idan aka tambaye shi wacce ta fi, ba shi da baki."

Veit ya ce ya yarda. Ni ma na ce na yarda, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Abin ya tafi daidai fiye da yadda kowa ya zata. Motar ta riƙa fita a cike. Masu mashaya suka ji daɗin buɗe ɗakin ajiya sau ɗaya maimakon sau biyu. Muka ƙara ranar Laraba, muka kai har wasu ƙauyuka uku da a da ba ma zuwa don tafiyar ba ta biyan kanta. Matsalata ɗaya ita ce Veit, wanda kullum da safe sai ya biyo ni har bakin titi yana tambaya ko na lulluɓe gangunansa da jiƙaƙƙen bargo, kamar jarirai zan kai asibiti.

Mashayar Kuni tana bakin kogi, daidai inda hanyar masu keke ta ratsa gada. Ni da Kuni ajinmu ɗaya a makaranta, kuma tun lokacin ba ta taɓa barina na yi numfashi ba. Famfo huɗu take da su, duka na wani babban kamfani, don haka abin da nake kai mata bai wuce 'yan kwalabe ba. A watan Mayu takardarta da kamfanin ta ƙare, ta ƙi sabuntawa sai da suka bar mata famfo ɗaya ta zuba abin da ta ga dama. Labarin ya zaga tun kafin tawada ta bushe. Ranar Lahadi ɗaya a wurin Kuni ta fi sati guda a wasu wuraren. Gundula ta aika mata ƙaramar ganga ta ɗanɗana, Veit ma ya aika, kuma ni na kai duka biyun a tafiya ɗaya.

Talatar da ta biyo baya Kuni ta ce in zauna in ci abinci. Ta kawo mini gasasshen tsiran alade uku da kabeji mai tsami da ruwan tuffa, don ta san ba na taɓa giya idan mota tana hannuna. Ta zauna a gabana ta zuba tagumi. Ta ce ita harshenta ya lalace da giyar kamfani shekara ashirin, duka biyun sun yi mata daɗi, in faɗa mata wacce za ta ɗauka. Na ce an hana ni magana. Ta ce ta sani, duk gari ya sani, har ana ce mini bebe mai mota. Na ci gaba da cin abincina.

"To, ba wacce ta fi nake tambaya ba," in ji ta. "Idan ka koma gida ka cire takalma, wacce kake buɗewa?"

Na ce wannan maganar gidana ce.

"Kai dai har yanzu ba ka iya ɓoye abu ba, kunnuwanka sun yi ja. Ka manta ni da Resi muke waƙa a coci? Ta ce ranar Asabar kana tafiya har gari na uku ka sayo baƙa, kana rufe ta da buhun dankali a but ɗin mota."

Resi matata ce. Na ajiye cokali mai yatsu. Da na yi shiru da wataƙila abin ya tsaya a tsegumin mata, amma sai na ji bakina yana kare kaina, ina cewa ai baƙar Veit tana da wani ƙamshi kamar ɓawon burodi da ya ɗan ƙone, kuma ba ta isar mutum ko ya sha biyu. Kuni ta bar ni na gama, sannan ta miƙe ta ce in kawo mata ganga huɗu ta Angermann ranar Talata mai zuwa, kuma in cinye tsirena kafin ya huce.

A hanyar dawowa na tsaya a gefen wata gona na kashe mota. Na san kafin Lahadi maganar za ta kai kunnen Gundula, kuma gara ta ji daga bakina. Na same ta cikin ɗakin dahuwa da dogayen takalman roba, tana wanke babbar tukunya da tiyo. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba. Ta kashe ruwan.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya."

Ta yi lissafi a ranta, na ga lokacin da ta gane. Shekarar ɗan sarin ke nan, shekarar da ta rage ɗaci. Ɗan sarin ya tafi, amma ɗacin bai dawo ba, domin matasa da mata sun fi son ta a haka kuma ta fi shiga. Ta tambaye ni ina nake kai kiret huɗun da gidan ke ba kowane ma'aikaci duk wata. Na ce wurin ƙanen Resi, kuma yana yabawa ƙwarai. Sai ta kunna tiyo ta juya mini baya.

Kwana biyar ba ta yi mini magana ba. Da safe in tarar da takarda a kan sitiyari, an rubuta inda zan je da abin da zan sauke, ko gaisuwa babu. Abin ya dame ni fiye da yadda na nuna. Na san yarinyar nan tun tana hawa bayan motata da jakar makaranta. A gida na yi wa Resi ƙorafi, ta ce ita ba ta ga abin ɓoyo ba a mutum ya sha abin da yake so, kuma dama ta gaji da buhun dankalin nan. Veit kuwa sai washe baki yake yi. Ya fara kirana "masanin giya," yana bubbuga mini kafaɗa, har na ce masa idan bai daina ba zan bar masa gangunansa a rana.

A rana ta shida na zo ɗaukar kaya na ga babu takarda. Gundula tana tsaye a bakin sito, ta ce in duba tayar baya ta hagu, kamar ta yi ƙasa. Tayar lafiyarta ƙalau, amma na durƙusa na duba ta da kyau.

Aka shiga Yuli da zafin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Masu keke suka cika hanyar kogi, daga Bamberg, daga Nürnberg, har da baƙi masu wasu harsuna. Kuni ta tashi daga ganga huɗu zuwa shida, daga shida zuwa tara. Tukwanen Veit ƙanana ne, kuma baƙarsa sai ta kwanta sati shida a cikin kogon dutse kafin ta nuna, ba a gaggauta ta. Ya fara rage wa tsofaffin abokan cinikinsa don ya cika wa Kuni, su kuma suka fara yi mini tsiya a ƙofa, ni da ban dafa ba. Wata Lahadi da misalin ƙarfe biyu na rana famfon ya yi tari ya tsaya, tsakar gida cike da mutane. Kuni ta koma zuba musu ta kamfani. Da Litinin ta kira Veit ta gaya masa cewa wakilin kamfanin ya riga ya zo yana tambaya ko tana son a karɓar mata wahalar famfon nan. Ta ƙara da cewa rabin masu keken ma idan suka ga baƙa a cikin wannan zafin sai su nemi wani abu mai sauƙi.

Veit ya tare ni ina ɗaure kaya. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga maganar zafi zuwa maganar sha'ir, sannan ya ce ko zan ɗan ji ta bakin uwar ɗakina, ko tana da rarar fara. Na ce masa shi da kansa ya yarda a shagon burodi cewa ni direba ne. Idan yana so, ga kujera a gaba, zan sauke shi a ƙofarta. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya shiga gida ya canza riga.

Rabon wani Angermann da tsakar gidan Lamprecht ya fi shekara arba'in. Gundula ta fito tana goge hannu, ta ce, "Herr Angermann, ɓatan hanya ka yi?" Ya ce a'a, motarsa ce ta kawo shi, tunda rabin sunan da ke jikinta nasa ne. Ta bar shi a tsaye ya faɗi abin da ya kawo shi har ƙarshe, ba ta taimake shi da kalma ɗaya ba. Da ya gama ta shiga ciki ta ɗebo fara kai tsaye daga tanki, mai sanyi, ta miƙa masa. Ta ce ba za ta ba mutum abin da zai kai wa wani da sunanta ba alhali bai taɓa sa shi a baki ba. Ya sha rabi, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya ce tana da tsabta. A bakin Veit wannan babban yabo ne, ita ma ta sani.

Suka shiga ofis suka rufe ƙofa. Na ji muryoyi sun tashi sau biyu, sau ɗaya kuma na ji dariya, ban san ta wa ba. Abin da suka fito da shi shi ne: daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba famfon Kuni na Gundula ne, daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin kifi da gasasshen nama, na Veit ne. Kuni ta amince nan take ta waya, ta ce ita dai kada famfonta ya sake bushewa. Veit ya yi ta ƙunƙuni a hanyar mayar da shi cewa an ba shi watanni bakwai na tsofaffi an ɗauke biyar na masu ƙishi. Amma ya samu ya koma cika wa mutanensa na da, bayansa kuma ya huta.

Game da ɗacin, na ɗauka wata rana Gundula za ta mayar da shi yadda mahaifinta yake yi. Ba ta mayar ba. Da na taɓa maganar a kaikaice ta ce ita ba don direbanta take dahuwa ba. Sai dai a ƙarshen watan na je ɗaukar rabona na tarar da kiret biyu fara, biyu baƙa. Ta yi musanye da Veit ba tare da ta gaya mini ba. Ƙanen Resi ne kawai ya yi asara.

Duk shekara idan kaka ta yi, Gundula takan bi ni zagaye ɗaya ta gaisa da masu mashaya. A wannan shekarar ta zaɓi wata Juma'a a Oktoba, hanyar tsauni. An yi ruwa da safe, gonakin da aka girbe suna ta hayaƙin danshi. A kowace ƙofa sai an tsayar da ita da labari: wannan jikarsa ta yi aure, wancan yana so a duba masa bututun famfo, wata tsohuwa ta cusa mata kwalbar zuma. A wani ƙauye mai mashayar ya ce kiret ɗin Angermann ɗaya ya zo da kwalba fasasshiya, na ga ta ciro biro ta rubuta a tafin hannunta don ta gaya masa.

Bayan mashaya ta tara muka tsaya a gefen daji muka ci burodi da cuku da Resi ta ƙunsa mini, muka raba biyu. Ta ce wata mata mai dafa giyar alkama a bayan tsauni ta kira ta, tana tambaya ko akwai sauran wuri a motar. Ta tambaye ni ko akwai. Na ce ranar Laraba akwai wurin ganga shida, bakwai idan na jera da kyau. Ta ce za ta yi tunani, sai ta ji ta bakin Veit tukuna. Haka ta ce, Veit, ba ta ma lura ba.

Muka kama gangaren komawa gida, gangunan da babu komai suna ƙara a baya. Kafin mu kai gada ta jingina kai da gilashi barci ya ɗauke ta, zumar tana kan cinyarta. Na rage rediyo, na bi ramukan hanyar a hankali. Akwai sauran kanti ɗaya a gabanmu, kiret takwas ne kawai, na sauke su ni kaɗai ban tashe ta ba.